*BARCIN JARIRI BAYAN ARBA'IN: TSARABA GA MASU HAIHUWAR FARI*



'Yan uwa masu albarka, tsarabarmu ta yau ta masu haihuwar fari ce, mata da mazajensu, da iyaye da kakannin da ke taya su reno. A daure a karanta har ƙarshe, domin akwai abubuwan da ake ɗura wa jarirai da sunan neman barci waɗanda kan zama ajalinsu.

'Yar uwa, bari mu fara da ke. Kin sauka lafiya, an yi suna, kin yi wankan jegonki a gida gaban Inna. A kwana arba'in ɗin nan, idan yaro ya motsa cikin dare, kafin ki gama buɗe ido wata ta ɗauke shi. To an yi arba'in, an rako ki ɗakinki, kowa ya watse. Sai ga ki ƙarfe biyun dare, babu wuta, ga zafi, ga sauro, yaro yana ta tsala kuka. Kin ba shi nono ya saki, kin goya shi bai yi shiru ba, maigida kuma yana ta juyi don sammakon fadama zai yi. Kunyar ɗan fari ta hana ki kiran Inna ki ce kin kasa. Sai ki ɗauki waya ki tambayi ƙawaye. Kafin asuba amsa ta kai goma. Wata ta ce iska ce, a yi masa hayaƙi. Wata ta ce nononki ne bai isarsa, ki haɗa masa da koko. Wata ta ce beli ne, a kira wanzami. Wata kuma ta ce ki aika kemis a sayo maganin mura, rabin cokali kawai, zai kai hantsi yana barci.

Kafin ki bi ko ɗaya daga ciki, tsaya ki ji.

*1. BARCIN JARIRI BA IRIN NAKI BA NE*

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce jariri daga haihuwa zuwa wata 3 yana buƙatar barcin awa 14 zuwa 17 a cikin awa 24. Daga wata 4 zuwa wata 11 kuma awa 12 zuwa 16, har da na rana. Za ki ce, to nawa ina yake kai nasa awoyin? Yana yin su, sai dai gutsure-gutsure: awa biyu a nan, awa ɗaya can, rabin awa a goye. Dalilai uku ne suka kawo haka.

Na ɗaya, cikinsa ƙarami ne. A ranar da aka haife shi bai ɗaukar fiye da ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a lokaci guda, a wata ɗaya kuma girman cikin bai wuce ƙwan kaza ba. Nonon uwa yana saurin narkewa, shi ya sa yake neman sha sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya. Shan da yake yi da dare ma shi ke sa nonon ya ci gaba da kawowa.

Na biyu, bai san dare da rana ba tukuna. Agogon da Allah ya sa a jikin ɗan Adam, mai sa a ji barci idan duhu ya yi, ba ya fara daidaita sai yaro ya kai wajen wata 2 zuwa 3.

Na uku, kusan rabin barcinsa marar nauyi ne. A cikinsa za ki ga yana nishi, yana miƙa, yana murmushi, yana motsa baki, har ya ɗan yi ƙara. Da yawa daga cikinmu nan take muke sunkutar yaro, alhali barcinsa yake yi, mu ne muka tashe shi. Ki ba shi minti ɗaya ko biyu kina kallonsa. Idan ya koma, falillahil hamdu. Idan kuka ne na gaske, ki ɗauke shi.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa wa masu jego ba. Kukan jariri mai lafiya yana fara ƙaruwa daga mako na biyu, ya kai ƙololuwarsa wajen mako na shida, sannan ya fara raguwa, zuwa wata 3 ko 4 ya lafa. Ya fi tsananta daga la'asar zuwa dare. To ƙirga mana: mako shida kwana 42 ke nan. Wato daidai lokacin da aka yi arba'in aka mayar da ke ɗakinki, lokacin ne yaro ke shiga makonnin da ya fi kuka a duk jarirantakarsa. Shi ya sa za ki ji ana cewa "a gidansu lafiya lau yake, tana dawowa ya rikice", har a fara zargin gidan ko mutanen gidan. Babu ruwan gidan. Yaran Ingila da na Indiya ma haka suke yi a wannan makon, kuma zai wuce in sha Allahu.

Malamanmu na da sun kula da wannan. Ibnul Ƙayyim, a littafinsa Tuhfatul Maududi, ya ware babi a kan renon jarirai. A ciki ya ja hankalin iyaye kada kukan jariri ya tayar musu da hankali fiye da kima, ya kuma ce a kare yaro daga ƙara mai ƙarfi da duk abin da zai firgita shi.

*2. ABUBUWAN DA BA A BA JARIRI DON YA YI BARCI*

*Maganin mura, na tari da na ƙaiƙayi.* Piriton, Phenergan da ire-irensu suna sa barci, gaskiya ne, amma ba barcin hutu ba ne, danne ƙwaƙwalwa suke yi. A jikin jariri suna iya danne har wurin da ke kula da numfashi. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan Phenergan cewa kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, saboda an samu yaran da numfashinsu ya tsaya suka rasu. Maganin tari mai kodin kuwa, tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi.

*Maganin haƙori da na ciwon ciki na kwalba.* Mu tuna abin da ya faru a 2008, lokacin da maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da wani sinadari mai kashe ƙoda, ya yi sanadin rasuwar yara aƙalla 84 a ƙasar nan, ciki har da waɗanda aka kai asibitin koyarwa na Zariya. A 2022 ma yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan gurɓatattun magungunan tari da mura. Iyayen nan duk sauƙi suke nema wa 'ya'yansu. Kada kwalba ta shiga bakin jariri sai da rubutun ma'aikacin lafiya da ya duba shi.

*Zuma.* Babu mai musun falalar zuma, Allah ya ambace ta da waraka a Suratun Nahli. Amma kowane magani da mai shansa da lokacinsa. Zuma kan ɗauko ƙwayoyin wata cuta da hanjin babba ke iya kashewa, hanjin jariri kuwa bai yi wannan ƙwarin ba. Idan suka tsiro a cikinsa sukan saki guba mai kashe jiki: yaro ya daina kashi, ya kasa tsotso, wuyansa ya saki, numfashi ya yi rauni. Don haka babu zuma, ko lasawa, sai ya cika shekara ɗaya. Tahnikin da ya zo a hadisi da dabino aka yi shi, kuma ɗan shafawa ne a ganɗa bayan haihuwa, ba ciyarwar kullum ba.

*Jiƙo, dauri, man habbatus sauda, man zaitun, ruwan rubutu, har ruwa zalla.* Daga haihuwa zuwa wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, ko a zafin watan Afrilu, domin mafi yawan nono ruwa ne. Idan ya ji ƙishi ki ƙara masa nono, ke kuma ki sha ruwa sosai. Duk abin da aka ɗura masa yana cika ɗan cikin nan ya rage shan nono, yana iya kawo gudawa, mai kuma idan ya shaƙe shi ya gangara huhu sai ya zama babbar matsala. Mai son yi wa yaro tofi ya yi masa a jiki.

*Koko ko kunu da wuri.* Yaron da yake jiƙa kunzugu ko famfas sau 6 ko fiye a kwana ɗaya, nauyinsa kuma yana hawa a katin awo, nono yana isarsa. Tashin dare ba shaida ba ce ta ƙarancin nono.

*Cire beli da tsaga.* Beli ba ya hana barci. Aska kuwa tana iya jawo zubar jini, ciwon sandarewar jiki da cututtukan da ake ɗauka ta jini.

Ke ma ki duba abin da kike sha. Goro, shayi mai kauri, kofi da baƙin lemon kwalba suna da sinadarin hana barci, yana bi ta nono, jikin jariri kuma yana daɗewa bai fitar da shi ba. Ki rage su, musamman daga azahar.

*3. YADDA AKE KWANTAR DA SHI*

Rigingine, wato a kan bayansa, dare da rana, duk lokacin da zai yi barci, har ya shekara. Mun san da yawa sun fi son rub da ciki saboda yaro ya fi nisa a barci. To wannan nisan shi ne haɗarin. Akwai mutuwar fuju'a da ke ɗaukar jarirai cikin barci, ta fi yawa tsakanin wata 2 zuwa 4, kuma kwanciyar rub da ciki tana cikin manyan abubuwan da ke jawo ta. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar daina kwantar da jarirai a kan ciki a 1992, aka yi gangamin wayar da kai daga 1994, sai irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a ƙasar.

Wata za ta ce, ai kwanciya a gefen dama ita ce sunna. Haka ne, ga babba da yaron da ya yi wayo, kuma idan ya girma za ki koya masa. Amma jaririn da aka kwantar a gefe yana iya mirginawa ya kife, ba shi da ƙarfin juyowa. Kwanciyar rub da ciki kuwa ko ga babba an ruwaito ƙinta a hadisi. Wata kuma za ta ce, idan ya yi tumbuɗi fa, ba zai shaƙe ba? Idan yana rigingine, hanyar iska tana sama, hanyar abinci tana ƙasa, abin da ya taso yana komawa ko ya fito ta gefen baki. Idan ya fara juyawa da kansa gaba da baya, ki kwantar da shi rigingine, ya juya yadda ya so. Rub da ciki na wasa, idonsa biyu kina zaune kusa, wannan yana da kyau, yana ƙarfafa wuya.

Shimfiɗa ta zama mai ɗan tauri kuma a miƙe. Babu matashi, babu tulin zannuwa, babu bargo mai nauyi, fuska a buɗe. Mafi aminci shi ne ya sami nasa wurin dab da gadonki, a ɗaki ɗaya, aƙalla wata 6 na farko. Mun san a gidajenmu yawanci gado ɗaya ake kwana, cikin gidan sauro ɗaya. Idan haka ne, a kiyaye waɗannan:

• Ya kwanta a gefenki, ban da tsakiyarku ke da maigida, ban da kusa da yayyensa ko yaran gida.
• Matashinki da bargonki su yi nesa da fuskarsa.
• A toshe ratar da ke tsakanin katifa da bango.
• Kada barci ya ɗauke ki da shi a kan kushin. Wannan ya fi gado haɗari nesa ba kusa ba.
• Idan wani a gadon yana shan taba, ko ya sha maganin da ke sa barci, ko jaririn bakwaini ne ko ƙarami ƙwarai, a ware masa shimfiɗarsa.

Naɗe jariri da zani marar nauyi yana kwantar wa wasu hankali a makonnin farko. Kada a matse ƙugu da ƙirji, kuma a daina da zarar ya fara ƙoƙarin juyawa. Idan kin goya shi, kada ki lulluɓe shi ruf da dogon hijabi cikin rana. Ki bar masa hanyar iska, ki riƙa leƙa fuskarsa.

*4. NAMU NA ƘASAR HAƊEJIYA: SAURO, ZAFI, SANYI DA HAYAƘI*

Allah ya yi mana ni'imar ruwa. Daga gonakin noman rani na Auyo zuwa fadamun Kiri Kasamma da Guri, shinkafa da kifi ba sa yankewa. Amma inda ruwa ya kwanta, ga kachala ta toshe magudanai, nan sauro ke hayayyafa, kuma a wurinmu ba ya tafiya da ɗaukewar damina. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san yadda ruwa ya daɗe a kwance da irin sauron da ya biyo baya. Sau da yawa yaron da ake cewa rigima gare shi cizo ne ya dame shi. Ki duba fuskarsa da hannayensa da safe.

Ku lura da wannan: maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida duk wata a lokacin damina, na yara ne daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Jaririn da bai kai wata 3 ba ba a ba shi. Garkuwarsa bayan kariyar Allah ita ce gidan sauro mai magani. A ɗaura shi kullum, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, a ɗinke inda ya yage, kada ya sauko ya kwanta a fuskar yaro. Idan zafin bazara ya kore ku tsakar gida, a fita da gidan sauron. Ya zo a Bukhari da Muslim daga Jabir cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya yi umarni a tsare yara a gida lokacin shigowar dare. Mu riƙe wannan ladabin, kuma a nan wurinmu lokacin ne ma sauro ke fara fitowa.

Igiyar leƙo, fiya-fiya da turaren wuta a rufaffen ɗaki ba su dace da huhun jariri ba. Idan za a fesa maganin sauro, a fitar da yaro, a buɗe ƙofa da taga, sai warin ya fita sarai a dawo da shi. Fiya-fiya kam guba ce, a nisanta ta daga ɗakin da yara ke kwana.

A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, 'yar riga ɗaya marar nauyi ta ishe shi. Don sanin ko zafi yake ji, taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa. Idan da gumi, rage masa kaya. Tafin hannu da ƙafa sukan yi sanyi ko yana lafiya, kada su ruɗe ki.

A hunturu kuma, ki ƙara masa riga ɗaya a kan adadin da ke kika sa. Babban haɗarin wannan lokaci shi ne kaskon garwashi a rufaffen ɗaki. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi, jariri kuma shi ta fi saurin kayarwa. Haka hayaƙin janareta idan an ajiye shi kusa da taga ko a soro. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya yi umarni a riƙa kashe wuta idan za a kwanta. A ɗumama ɗaki tun da sauran ido biyu, a fitar da kaskon kafin barci.

*5. TSARIN DA KE TAIMAKAWA*

Ba a tilasta wa jariri barci, amma ana koya masa bambancin dare da rana sannu a hankali.

• Da safe ki fito da shi inda haske yake, a inuwa. Da rana a yi ta harkokin gida, kada a hana kowa magana don yana barci.
• Ki koyi alamun gajiyarsa: hamma, murza ido, kau da kai, kallon wuri ɗaya. Jaririn 'yan makonni ba ya jure zama ido biyu fiye da awa ɗaya zuwa biyu. Idan aka bari gajiya ta wuce kima, sai barcin ya gagara.
• Ki tsayar da abu ɗaya da kike yi kowane dare, a jere ɗaya: wanka ko goge jiki da ruwa mai ɗumi, ɗan tausa da mai, kayan barci, nono, gyatsa, addu'a, kwanciya. Tsakanin magariba da isha ya fi dacewa da yawancin gidaje.
• Ki karanta masa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ki tofa a hannunki ki shafe shi, sannan addu'ar neman tsarin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, yake yi wa Hasan da Husaini, wadda Ibnu Abbas ya ruwaito. Tana cikin Hisnul Muslim. Muryarki a hankali ita kanta rarrashi ce.
• Idan ya tashi da dare, ki shayar da shi cikin duhu ko ɗan haske kaɗan. Babu wasa, babu hira, babu haska masa fitilar waya a fuska.
• Daga wajen wata 3, ki riƙa gwada kwantar da shi yana gyangyaɗi, kafin barcin ya yi nauyi. Idan ya ƙi, ɗauke shi, gobe a sake gwadawa.

Idan kukan yamma ya taso: ki manna shi a ƙirjinki fata da fata, ki goya shi ki zaga tsakar gida, ki duba kunzugu, ki sa shi ya yi gyatsa. Ɗaukar jariri ba ya sangarta shi. Ya tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, saboda tausayin halin da uwar ke ciki.

Idan kuma kika ji ranki ya ɓaci har hannunki yana rawa, ki kwantar da shi rigingine a wuri mai aminci, ki fita ƙofar ɗaki minti biyar zuwa goma, ki yi alwala, ki kira wani. Kada a taɓa girgiza jariri da ƙarfi, ko sau ɗaya. Wuyansa bai yi ƙwari ba, girgizar 'yan daƙiƙoƙi tana iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, ta bar shi da makanta, nakasa ko mutuwa.

*6. MAIGIDA, GA NAKA RABON*

Ɗan uwa, yaron nan sunanka yake amsawa. Komawa wani ɗaki ka ja ƙofa ba ya rage kukan, ita kaɗai ka bar wa shi. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, yana hidimar iyalinsa a gida, ya kuma tabbata a hadisi cewa ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Ba ka da nono, amma kana da kafaɗa. Idan ta gama shayarwa, karɓe shi ka sa shi gyatsa. Bayan sallar asuba, kafin ka wuce gona ko kasuwa, riƙe shi awa ɗaya ta runtsa. Ɗaura gidan sauro da fitar da kasko aikinka ne. Idan abinci ya makara, ka yi haƙuri. Kuma kada ka zama kai ne mai zuwa kemis sayo abin da zai sa shi shiru.

Ka sa ido a kan ita ma uwar. Idan ta wuce mako biyu tana yawan kuka, ba ta cin abinci, ba ta iya barci ko da yaron ya yi, ko tana cewa ita ba ta da amfani, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Ba raunin imani ba ne, kuma ana maganinsa a asibiti. Idan kuma ba ta iya kwanciya a miƙe sai ta jingina, tana haki, tana tari da dare, ƙafafunta sun kumbura, a gaggauta kai ta. Ciwon zuciyar masu jego sananne ne a ƙasar Hausa, likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970.

Iyayenmu mata, Inna da Gwaggo, Allah ya saka muku da alheri. Hidimar ba ta ƙare ranar arba'in ba. A riƙa leƙa su a makonnin da ke biye, ko a tura ƙanwa ta kwana biyu. Yarinya ba za ta buɗe baki ta ce ta gaji ba.

*7. WAYAR HANNU: INDA TAKE DA AMFANI*

Taimako ta intanet yana aiki idan daga masana ya fito. A 2009 wata masaniyar barcin yara a Amurka, Dakta Jodi Mindell, da abokan aikinta sun nuna cewa tsarin dare na wanka da tausa da rarrashi ya gyara barcin yara cikin mako biyu. A 2011 suka gwada ba iyaye shawarwari ta intanet daidai da halin kowane yaro, barcin yaran ya gyaru, na iyayen mata ma haka. Amma a lura, yaran da aka yi binciken da su sun kai wata 6 zuwa sama. Don haka idan kika ga bidiyon da ke cewa a bar jariri ya yi ta kuka har ya saba, wannan ba na ɗan wata ɗaya ko biyu ba ne.

Ki yi amfani da wayarki ta waɗannan hanyoyi: ki karɓi lambar ma'aikaciyar lafiyar da kike zuwa awo ko rigakafi wurinta. Ki rubuta lokutan barcinsa da shan nononsa na kwana uku, za ki ga ashe yana barci fiye da yadda kike zato. Idan numfashinsa ko wani motsi ya ba ki tsoro, ki ɗauki bidiyo ki nuna a asibiti. Ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur da agogon wayar, lokacin da yake natse. Duk saƙon da ya ce a ɗura wa jariri wani abu, ko mai tallan garin magani ne, ko ƙawa ce, ki tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. Kuma ki cire kunya ki kira Inna. Ita ma ta yi wannan daren a kanki.

*8. ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU A GIDA*

• Ya ƙi kama nono, ko tsotsonsa ya yi rauni.
• Jikinsa ya yi zafi, digiri 37.5 ko fiye, ko ya yi sanyi ƙalau. Zazzaɓi a jaririn da bai kai wata 3 ba na asibiti ne kai tsaye.
• Numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ga wanda bai kai wata 2 ba, 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11.
• Ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki idan ya ja numfashi.
• Taune-taune ko sandarewa.
• Maɗigarsa ta kumbura ko ta faɗa.
• Tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya.
• Cibiya ta yi ja, tana ruwa ko wari.
• Amai kore, kumburin ciki, ko jini a kashi.
• Barci ya yi yawa, ba ya tashi shan nono, ba ya motsi sai an taɓa shi.

Wannan ta ƙarshen a kula da ita sosai. Jaririn da ya yi shiru ya saki jiki ya fi mai tsala kuka ban tsoro. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a nufi asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Haɗejiya, ko tsakar dare ne. Mutanen ƙauyukan da ruwa kan yanke wa hanya da damina, a tanadi lambar mai mota, mai babur ko mai kwale-kwale tun kafin buƙata ta taso. Ana tafe ana addu'a.

'Yar uwa, daren nan mai tsawo yana da iyaka. Yawancin yara daga wata 3 zuwa 4 kukan yamma yake lafawa, barcin dare ya fara tsawo, ko da yake wasu kan ci gaba da tashi shan nono har su shekara, kuma lafiyarsu ƙalau. Kowane tashi da kika yi saboda shi yana rubuce a wurin Allah.

Allah ya raya mana zuriya bisa sunna, ya ba masu jego lafiya da haƙuri, ya tsare mana yaranmu daga dukkan sharri. Amin.

A tura wa duk wanda aka yi wa haihuwa kwanan nan, da masu jiran sauka.

Wassalamu alaikum warahmatullah.